Hannun Baba Gado Cikin Ruwa

Ku matso nan inuwa, tunda iska ta hana mu tashi. Kai mai jar hula, ɗazu na ji ka kana gaya wa abokinka wai tuƙin jirgi ba wani abu ba ne, a ja igiya inji ya tashi, a riƙe hannunsa a miƙe. To madalla da kai. Ni Nomau na haura shekara talatin a kan wannan ruwa, daga Yelwa zuwa Wara, daga Yelwa zuwa gefen Shanga, amma har yau in na hango tasha sai na gyara zama. A tsakiyar ruwa kowa direba ne, ko akuya ka ɗaura wa hannun inji za ta kai ka wani wuri. Maganar ita ce yadda za ka tsaya. Babur ɗinka yana da birki, motar da ta kawo ka tana da birki. Jirgi ba shi da shi.

'Yata Luba, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare, ta taɓa zaunar da ni ta rubuta mini abin a takarda. Ta ce duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi, lissafinsa kuwa nauyi sau gudu. Ka ninka nauyi, ka ninka shi. Ka ninka gudu, ka ninka shi. Kuma ba ya ɓacewa don ka kashe inji, dole sai wani abu ya karɓe shi, ko ruwa ya karɓa a hankali cikin dogon lokaci, ko gaɓa ta karɓa lokaci guda. Na tambaye ta tsawon wane lokaci ta yi kafin ta san wannan, ta ce zangon karatu ɗaya. Na ce kin yi arha, ni sai da na fasa goshin jirgi guda, kuma saura ƙiris in haɗa da mutane.

Na zo tashar nan shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu ta Kabi. Ba yaro ba ne ni a lokacin, da matata da 'ya'ya biyu. Manomi ne ni a ƙasar Shanga, ruwa ya cinye mini shinkafa shekara biyu a jere, kawuna ya kamo hannuna ya damƙa ni ga wani tsohon direba, Baba Gado. Bagunge ne, an haife shi a wani tsibiri da ruwa ya rufe lokacin da aka yi dam. Ba shi da gona, ba shi da kowa kusa sai 'ya ɗaya da ke aure can nesa. Ɗaki guda gare shi a bayan rumfunan kifi, barci kawai ke kai shi. Jirgin ma ba nasa ba ne, na wani Alhaji ne mai jirage uku, amma shekara goma sha Baba ke riƙe da shi. Yakan ce, "Ruwa ya ci gidanmu, jirgi ya rage mini. Ran da anka sauke ni tudu, a fara nema mini likkafani."

Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan tudu, ka iya ruwa?" Na ce na iya kaɗan. Ya miƙo mini gutsuren jarka, ya nuna mini cikin jirgi. Kwasar ruwa, shi ne aikina shekara guda cur. Ina magidanci, ina durƙushe tsakanin ƙafafun mata ina kwalfa. Amma a durƙushen nan na san jirgi. Na san in ruwan ciki ya taru gefe ɗaya to lodi ya karkace, na san katakon da ke zufa da wanda ke shirin buɗewa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma ko ɗaya ba ya barin jirgi. Gora biyu dogaye na tura jirgi, filafilin tuƙi biyu, filogi sabo a naɗe a leda, igiyar tayar da inji ta ajiya, da ƙusoshi da aka yanyanka don farfela, in ta bugi kututture ƙusar ce za ta karye ba injin ba. Sai wani ƙoƙo da Baba ke cikawa da ruwa ya ajiye a goshin jirgi in mun kusa tasha. Dokarsa ke nan: in jirgi ya taɓa gaɓa ruwan ƙoƙo ya zuba, ba sauka ka yi ba, karo ka yi. Wanda ke riƙe gora a goshi shi ne Yohanna, Bakambare ne daga ƙasar Ngaski, ƙato ne mai sanyin hali, ya girme ni da shekara biyu. Shi ke shaidar ƙoƙo, kuma a shekarun da na yi ina kallo ban taɓa jin ya ce ya zuba a hannun Baba ba.

Akwai wani injin niƙa da aka kawo mana za a kai Wara, ba na manta shi. Mu shida muka taru, muka yi ta nishi, ko gezau. Baba yana zaune yana cin goro har muka gaji. Sannan ya tashi ya sa aka kawo guntun icce aka ajiye dab da injin, ya zura bakin gora ƙarƙashi, ya koma can ƙarshenta ya danna da hannu ɗaya. Injin ya ɗaga kamar an roƙe shi. Ya ce, "Ku matso da icce kusa da kaya, ku nisanta hannunku. Ƙarfi na ga tsawon gora, ba ga ƙirjinku ba." Luba ta ce wannan ma yana cikin littafinsu, ƙarfi sau tsawo. Na ce to littafin ya zo ya tarar da mu.

Lodi kuwa, mai nauyi ƙasa kuma tsakiya, marar nauyi sama. Buhun albasa ba a jera shi kamar buhun shinkafa, don albasa tana mirginawa a cikin buhu. Shanu a kwantar da su a ɗaure, kan wannan gabas, kan wancan yamma, kuma ka lallaɓa Bafulatani ya zauna inda saniyarsa za ta riƙa ganinsa. Fasinja ya fi saniya wuya. Da jirgi ya ɗan karkata sai kowa ya zabura ya koma ɗaya gefen, su ne za su kifar da shi da kansu. Wadda ke taya mu tsawatar musu ita ce Inna Kulu, babbar dillaliyar albasa, wadda in ta sa kaya a jirginka sauran mata sun sa ke nan. Bakinta kamar reza. Wurin zamanta ɗaya, a kan katako na uku, kuma ko mai unguwa ta tarar a wurin sai ya tashi.

Hanya kuma Baba ya san ta ne tun tana tudu. Kututturan da ke ƙarƙashin tafkin nan, waɗanda ke farke cikin jirage, shi tun suna itatuwa ya san su. Sai mu zo wuri fetal ba ka ganin komai sai ruwa, ya karkata hannun inji ya ce, "Tsamiyar bakin kasuwarmu ce nan, a ba ta hanya." A shekara ta biyu ya fara ba ni riƙon inji a tsakiyar ruwa. Ya koya mini ƙetare kogi lokacin da ruwa ke gudu: kada ka nufi inda za ka, ka nufi sama da shi, ruwa ya cika maka sauran. Amma da mun hango tasha sai ya ce, "Tashi, ɗan tudu." Sauka bai taɓa ba ni ba.

To ga abin da nake so ku riƙe. Baba yana da wata al'ada. Kafin mu tashi, in an gama lodi, sai ya ɗora gwiwar hannunsa a bakin jirgi ya saki hannun ya sauka cikin ruwa, ya yi shiru. In mun kusa tasha ya sake yin haka, ya buɗe tafinsa a ruwa, leɓensa na motsi, sannan ya kashe inji. Kowa a tasha ya san fassarar wannan. Cewa ake gaisuwa yake yi wa mutanen ruwa, irin ta kakanninsa na tsibiri. Baba ba ya wasa da salla, amma mutane suka ce ai abin gado ba ya barin mutum. Ni kuma ɗan gidan malamai ne, kawuna ya ja mini kunne cewa in koyi tuƙi in bar musu sauran. Saboda haka duk lokacin da hannun nan ya sauka ruwa sai in kau da kai in yi a'uziyya a zuci. Abin da na riƙa kallo shi ne gaɓa. Na lura ranakun albasa yakan kashe inji daidai wata doguwar giginya da ke sama da tasha, jirgi ya yi ta sulalawa shi kaɗai har ya je ya sumbaci ƙasa. Na ce a raina, ashe sirrin giginya ce.

Sai mummunar shekara ta zo, shekara ta huɗu da zuwana. Mai ya ɓace a gari, sai wurin 'yan bumburutu, shi ma rabinsa kalanzir, inji ya yi ta tari yana ƙin tashi. Kainuwa ta rufe bakin ruwa, kullum sai an tsaya an cire ta daga farfela. Ribas ɗin injinmu, mai ja da jirgi baya, ya lalace, babu kayan gyara. Jirage da yawa aka ja su tudu aka kife. Namu ya ci gaba da tafiya don Baba ya fi kowa iya tattalin mai, tun daga nesa yake kashe inji ya bar nauyin jirgi ya ƙarasa aikin.

A shekarar nan ne idonsa ya tafi. Yanar ido ce ta rufe su a hankali, ya ɓoye. Ni na fara ganewa, ranar da ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Nomau, giginya ta iso?" alhali ga ta nan tsaye ƙatuwa da ita. Na ce saura kaɗan, Baba. Daga ranar na koma zama kusa da shi, ina gaya masa abin da ke gaba kamar hira muke. Yohanna ya gane, ya rufa mana asiri. Wata biyar muka yi a haka, kuma ƙoƙo bai zuba ba ko sau ɗaya.

Amma tasha ba ta riƙe magana. Wata safiya Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya gaban Baba ya miƙa masa hannu ba tare da ya yi sallama ba. Baba bai gani ba. Hannun Alhaji ya daɗe a miƙe, kowa na kallo. Alhaji ba mugu ba ne, a hankali ma ya ce, "Baba, rayukan mutane ne. Ka huta haka nan, Nomau ya riƙe." Ya juyo gare ni ya ce, "Za ka iya?"

Kun ga nan ne ya kamata in ce ban taɓa sauke jirgi ba. Ban faɗa ba. Shekara huɗu ina jiran wannan tambaya, sai na ji bakina ya ce zan iya. Baba ya lalubo sandarsa, Yohanna ya kama shi ya sauko. Ya tafi rumfar masu kifi ya zauna a kan benci yana fuskantar ruwa. Na ji kunya ƙwarai, amma ban sauka ba.

Kwana uku na farko albasa muka ɗauka, rabin lodi. Na kashe inji a giginya, jirgi ya je ya taɓa, ƙoƙo ya ɗan fantsala. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Kullum in mun dawo Baba na nan a bencinsa tun safe, bai ci abin kirki ba, rigarsa ta fara yi masa yawa. In na gaishe shi sai ya ce, "Sannu da ruwa, direba." Gara ya zage ni da wannan.

Rana ta huɗu muka taso daga gefen Shanga. Lokacin farin ruwa ne, kogi ya cika yana gudu, kuma yana bayanmu yana tura mu. Jirage sun yi ƙaranci, kaya sun taru, na karɓi shinkafa har sai da na rasa wurin taka ƙafa, na ƙara da bijimai huɗu da mutane. Muka iso da la'asar, tasha cike, mata na wanki a bakin ruwa, ga ƙananan kwalekwale na masu kifi a jere daidai inda muke sauka. Giginya ta zo, na kashe inji, na ma ɗaga hannu ina gaida wani.

Ban gama sauke hannun ba na hango Baba ya miƙe tsaye a rumfa. Ya fito yana tuntuɓe da kwanduna, yana kaɗa sanda sama, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba: "Ku fita daga ruwa! Ku kwashe yara! Jirgi ba shi tsayawa!" Wallahi a lokacin ni da ke cikin jirgin ban ga komai ba tukuna. Masu ido a gaɓa suka tsaya suna kallonsa, wasu na cewa tsoho ya zautu. Inna Kulu ce, da ke tsaye tana jiran kaya, ta dubi Baba ta dubi jirgi, ta kama zabga wa mata mayafi tana kora su. "Ba ku ji ba ne, 'yan banza? Ku hau tudu!"

Sannan na gani. Gaɓa tana zuwa, jirgi bai rage komai ba. Na fizgi igiya in tada inji ko na samu in karkatar da shi, ya yi tari ya mutu. Na sake, ya mutu. Kalanzir ya yi aikinsa. Yohanna ya kafa gora a ƙasa ya danna da dukan ƙarfinsa, gorar ta lanƙwashe ta karye ta watsar da shi cikin buhuna. Muka hau kan wani kwalekwale da mata biyu suka fice daga ciki yanzun nan, muka murƙushe shi kamar ɓawon gyaɗa, muka daki gaɓa. Jirgi ya tsaya, amma kaya ba su san ya tsaya ba. Buhuna suka taho gaba, bijimai suka zame, mutane suka hau kan juna ana salati. Goshin jirgi ya tsage tun daga sama har ƙasa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wani ya goce a kafaɗa, Yohanna ya fasa leɓe, shinkafa ta sha ruwa.

Na sauko daga jirgi. Ban nufi kowa ba sai Baba, na durƙusa gabansa. Ya lalubo kaina, ya shafa fuskata, ya ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Ya ce, "Yohanna fa?" Na ce yana nan. Sai ya sauke numfashi ya ce, "To, jaki."

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Tun kuna bayan gungu, tsibirin can, nike jin injin na nishi, na san ka cika shi har wuya. Ga farin ruwa na kuka ga kututture. Ina ta jira in ji ka kashe, ba ka kashe ba sai inda muke kashewa ran albasa. Hannunka bai gaya maka ba?"

Na ce, "Wane hannu?"

Ya lalubo sandarsa. Sannan ya ce in kai shi bakin wani jirgi da ake lodi. Ya kama hannuna ya ɗora gwiwar a bakin jirgin, ya sake shi ƙasa. Ya ce, "Ina ruwa ya kama ka?" Na ce a yatsu. Ya ce, "To kaya kaɗan ne, giginya ta ishe ka. In ya kama tafi, ka kashe tun wurin jan dutse. In ya kai wuyan hannu, tun ba ka ga rumfuna ba. In kana tafiya kuma ka buɗe tafinka, yadda ruwa ke tura shi, gudunka ke nan. Sai ka ƙara da na kogi in shina bayanka. Gudun da ka daɗe kana ba jirgi, ba ka karɓe shi a taki ɗaya."

Na ce, "Baba, ni na ɗauka gaisuwa kake yi wa mutanen ruwa."

Jama'a, ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, hawaye na fita daga idanun nan farare. Ya ce, "Leɓena da kaka gani, ƙidaya nike! Shekara huɗu kana kau da kai kada ka ga kafirci, ashe awo kake gudu." Na ce me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Mi ya hana ka tambaya? Ni ma ba wanda ya gaya man, kallo na yi."

Alhaji ya iso ya ga jirginsa, ya dafe kai. Ban jira ya tambaya ba, na ce laifina ne, na karɓi abin da ban iya ba, kuma in zai bar ni a jirgin to ba zan sake taɓa inji ba sai da Baba a gefena. Ya ce, "Makaho a jirgi, Nomau?" Inna Kulu ta ratso mutane ta tsaya gabansa tana gyara ɗaurin zane. Ta ce, "Alhaji, mu nawa ne masu ido a bakin ruwan ga ɗazu? Wa ya gani? Ka ji da kyau, albasata ba ta hawa jirgin da babu tsohon ga, kuma ka san in tawa ba ta hau ba ta kowa ba ta hawa." Alhaji ya dubi guntayen kwalekwalen nan, ya daɗe. Ya ce, "Jirgi ɗaya, direba biyu. Ku san yadda za ku yi."

Sati uku kafinta na gyaran goshi. Ranar da aka mayar da jirgi ruwa, Yohanna ya ɗauko Baba cak ya zaunar da shi a gefena, muka sa masa buhu ya jingina. Daga nan karatu ya fara na gaske. Hannunsa a ruwa ta dama, nawa ta hagu. Ya ce in faɗi inda zan kashe kafin shi ya faɗa. In na yi wuri jirgi ya mutu a nesa mu ƙarasa da gora ana yi mana dariya, ya ce tsoro gare ni kamar farar kura. In na makara ƙoƙo ya zuba, ya ce, "Ɗan tudu, gona kake shiga?" Ya dawo cin tuwo, ya dawo faɗa da Inna Kulu a kan katako na uku. Bakinsa bai huta a kaina ba shekara biyu, kuma ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba.

Wata rana da hantsi muka taso daga Wara da cikakken lodi. Ruwa ya kama ni a wuyan hannu. Na yi lissafina ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba, na kashe inji tun rumfuna ba su fito ba. Jirgi ya yi ta tafiya, yana ragewa, yana ragewa, har ya je ya kwanta a gaɓa. Yohanna ya ɗaga ƙoƙo sama ya nuna mini, cike fal. Mutane suka fara tashi. Baba ya ce, "Kai, mi ya sa ka tsaya tsakiyar ruwa? Wa ya ce su tashi?"

Na ce, "Baba, mun iso."

Ya miƙa hannu waje ya taɓa yashi. Ya daɗe yana murza shi a yatsunsa. Sannan ya goge hannun a riga ya ce, a hankali, "Ban ji ba." Can ya ƙara da cewa, "To, ka gama da ni ke nan. Gobe ba sai an ɗauko ni ba."

Na tuna bencin nan da rigar da ta yi masa yawa. Na ce, "Haba Baba, dace ne kawai, ka bari mu ga gobe." Washegari na yi komai daidai, sai da ya rage kaɗan na ɗan ƙara wa inji wuta kafin in kashe. Jirgi ya bugi gaɓa, ƙum, ba da ƙarfi ba, daidai yadda ƙoƙo zai zubar da rabi. Baba ya zabura ya ce, "Na faɗa! Jaki ba shi zama doki!" Yohanna ya dube ni daga goshi, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Daga ranar kullum sai na buga. Shekara uku ina bugawa, direbobi na yi mini ba'a wai Nomau har yau bai iya sauka ba. Na bar su.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, 'yarsa ta zo ta zauna da shi. Na je gaishe shi wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya rame ƙwarai, amma ya gane takuna. Ya ce in matso, ya kama wuyan hannuna, daidai inda ruwa ke kamawa ran babban lodi. Ya ce, "Nomau, ka bar bugun jirgin Alhaji haka nan, katako na da tsada."

Na ce, "Baba, ai hannun ne har yanzu bai zauna ba."

Ya ce, "Rufe man baki. Tun bugun farko na sani. Wanda bai iya ba, yau shi buga da ƙarfi, gobe shi tsaya nesa. Kai kullum bugunka ɗaya, ba ƙari ba ragi, ko lodi cike ko rabi, ko farin ruwa ko baƙi. Ni kaina ban iya wannan ba." Ya matse hannun. "Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Bai taɓa kirana haka ba sai ranar. Kwana biyu bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Fitata ta farko bayan rasuwarsa, na sauke jirgi a tashar nan, ƙoƙo bai zubar da ko ɗigo ba, kuma babu wanda ya zage ni. Na zauna a wurin har aka gama sauke kaya ban iya tashi ba, Yohanna ya zo ya zauna inda buhun Baba yake.

Ga iska ta kwanta, an gama lodi. Kai mai jar hula, tashi. Naɗe hannun rigarka ka zo nan, ka gaya mini inda ruwa ya kama ka.